Zafin inji a Tafkin Jabi: littafin aikin gyaran jirginmu

Asabar, 15 ga Fabrairu 2025

Ni da Yaya muka haɗa kuɗi muka sayi jirgin nan, don haka duk abin da aka yi masa da duk abin da aka kashe zan riƙa rubutawa a nan, kada gobe a ce wane ya ce wane ya ce. Jirgin shaƙatawa ne, jikinsa na faiba, yana ɗaukar mutum shida ban da direba. Injinsa irin na ratayawa a baya ne, ɗan Japan, ƙarfin doki 85, silinda uku, wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya. Na hannu ne, daga Legas aka kawo mana shi. A bakin Tafkin Jabi da ke Abuja yake kwana.

Yau bayan la'asar muka fita. Muna tafiya a hankali babu wata matsala. Da na ba shi wuta muka doshi ɓangaren Jabi Lake Mall, ba a yi minti biyar ba ƙararrawa ta ɗauki kuka, injin ya rage gudu da kansa yana karkarwa. Haka aka ƙera shi, idan zafi ya wuce ƙa'ida sai ya hana ka gudu don kada ya ƙone. Na kashe, na ɗaga murfi. Kan injin ba ya taɓuwa, ga ƙauri-ƙaurin fenti.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne fitsarin injin, siririn ruwan nan da ke tsartuwa ta baya, bai yanke ba. Yaya ya ce tunda yana fitsari ai ruwa na zagayawa, ƙila ƙararrawar ce ta lalace. Na ce masa ƙararrawa na iya yin ƙarya, amma tafin hannuna bai yi ba. Muka jira ya huce, muka lallaɓo gaɓa.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Injin jirgi ba shi da lagireto. Ruwan tafkin da yake ciki shi yake zuƙa ta wasu ramuka masu raga a ƙafarsa, kusa da farfela, ya zagaya da shi cikin inji, ya zubar. Saboda haka can na fara dubawa. Na ɗaga ƙafar, na tarar da guntun ledar fiya wata manne a ragar hagu, ta dama kuma ta cika da gansakuka da laka. Duk wanda ya san Jabi ya san ledar da kwata ke kawowa, kuma yanzu rani ne, ruwa ya ja baya, wurin da muke tayarwa laka ce zalla.

Na share da tsohon buroshin haƙori, na tura waya siririya cikin ramin fitsarin. Muka sake fita cike da murna. Ƙararrawa ta sake kuka, sai dai ta ɗan jinkirta.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Yaya ya kawo makaniken da ke duba masa mota a Apo. Mutumin kirki ne kuma ya iya aikinsa, amma bai gama jin bayani ba ya yanke hukunci: “Alhaji, tamostat ne. A cire shi a yar. Wannan abin don ƙasar sanyi aka yi shi, mu nan me za mu yi da shi?”

Wannan maganar ta cinye injinan motoci da yawa a ƙasar nan, kuma a jirgi ta fi muni. Ruwan tafki bai kai zafin da inji ke so ba ko da a tsakiyar bazara. Idan babu tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ba ya sakin ruwa sai inji ya ɗumama, injin zai wuni a sanyaye, mai ba zai ƙone sosai ba, filogi ya yi ta yin baƙi. Ban da haka, tamostat ɗin a saman inji yake zaune, yana tare ruwa har ya cika ramukan zuwa sama kafin ya sake shi. Ka cire shi, ruwa na iya bin hanya mafi sauƙi ya fice, ya bar silindar sama da ƙishi. In ma cirewar ta sa ƙararrawa ta yi shiru, ciwon yana nan.

Na ce masa, “Oga, a bar shi tukuna, mu fara daga ƙasa.” Ya ce shi bai taɓa kwance ƙafar injin jirgi ba, kuma na ji daɗin da ya faɗi haka bai yi ta-maza ba. Na ba shi naira 5,000 kuɗin mota. Yaya bai ji daɗi ba, ya ce na fiye bin littafi.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Mun ɗora jirgin a tirela, muka sauke giyabos, ni da wani yaro da ke taimaka wa masu jirage a bakin tafkin. Akwai noti guda da ke ɓoye ƙarƙashin ɗan ƙarfen nan mai kama da wutsiyar kifi da ke saman farfela. Sai an cire shi ake ganinsa. Wanda bai sani ba zai yi ta dukan ƙafar da guduma yana cewa ta maƙale.

Famfon ruwan yana zaune a saman giyabos, shaf ɗin da ke sauko wa daga inji ya ratsa ta tsakiyarsa. A ciki akwai impela, wata roba mai fukafukai shida, ita ce ke tura ruwa sama ta bututu. Da muka ɗaga murfin famfon, ga abin da muka gani: fukafukai huɗu sun lanƙwashe gefe ɗaya sun sandare, ka miƙe su da yatsa ba sa dawowa. Biyu babu su, sun karye daga gindi. Faifan ƙarfen da impela ke gogawa a kansa ya yi zane zagaye har farce na kamawa. Ƙoƙon da take juyawa a ciki ya yi baƙi a gefe ɗaya, robar jikinsa ta ɗan narke, alamar an taɓa tayar da injin a tudu babu ruwa. Ruwa ne maikon impela. Ko na ɗan lokaci kaɗan aka tayar a bushe sai ta ƙone. Masu sayar da inji suna son su tayar maka a shago don ka ji ƙararsa, kuma wanda ya saya shi ke biyan kuɗin wannan burga.

Mun sami guntun fiffike ɗaya a cikin famfon. Ɗayan ba mu gan shi ba. Na haska tocila cikin bututun da ke hawa sama, ban ga komai ba. Roba ba ta narkewa a ruwa, don haka tana wani wuri a cikin injin.

Tunda giyabos yana ƙasa, na kwance ƙusar man giya don in gani. Man ya fito ruwan zuma, amma ɗigon farko yana da ɗan fari. Na ajiye wannan a rai.

Talata, 25 ga Fabrairu

Na zagaya Gudu da Apo, babu mai kayan injin jirgi. Wani ya nuna min impela a leda marar suna, naira 9,000, robar tana ƙyalli kuma tana da tauri. Araha ba ta ado. Na yi waya Legas, na sayi cikakken saitin famfo na asali, impela da faifai da ƙoƙo da gasket da ɗan makullin shaf, naira 68,000. Kuɗin aikowa ta mota naira 4,000. Na kuma sayi ma'aunin zafi mai haska jan ɗigo, naira 18,000, da man giya naira 14,000.

Asabar, 1 ga Maris

Azumi ya kama yau, don haka da sassafe muka yi aikin kafin rana ta buɗe. Wajen sa impela, ana juya shaf ɗin yadda hannun agogo ke tafiya a lokacin da ake danna murfin famfon, don fukafukan su kwanta ta gefen da ya dace. Na shafa mata ɗan ruwan sabulu don ta zame. Giris a gefen haƙoran shaf kawai, ban da samansa. Wahalar duka tana wajen mayar da ƙafar: dole shaf da bututun ruwa da sandar giya su shiga muhallinsu lokaci ɗaya, kai kuma kana ɗauke da nauyi a hannu kana leƙe ta ɗan tsagi.

Mun gwada a duro cike da ruwa har ya rufe famfon. Fitsari ya fito da ƙarfi, ya ninka na da. Yaya ya ce an gama, a yi shirin Sallah.

Lahadi, 2 ga Maris

Ba a gama ba. Duro ba tafki ba ne, a duro injin ba ya ɗaukar kaya. A kan ruwa mun yi gudu mai kyau kusan minti goma, sannan ƙararrawa ta dawo.

Wannan karon ina riƙe da ma'auni. Yaya na tuƙi, ni ina durƙushe a baya da rigar ruwa a jikina, murfin inji a ɗage. A ƙaramar wuta duk silinda ukun suna tsakanin digiri 50 da 55. Da aka ba shi wuta, ta ƙasa ta tsaya wajen 58, ta tsakiya ta haura 65, ta sama kuwa ta yi ta hawa har ta wuce 85 kafin ƙararrawa ta yi kuka. To ƙararrawa lafiyarta ƙalau.

Abin da na fahimta zuwa yanzu: fitsarin inji yana nuna cewa famfo na turo ruwa, ba ya nuna cewa ruwan ya isa ko'ina. Kuma lokacin da zafi ke zuwa shi ma bayani ne. Injin da ke zafi a ƙaramar wuta ya huce in an yi gudu, yawanci impela ce ta gaji. Wanda ke lafiya a ƙaramar wuta ya yi zafi a gudu, ruwa ne ba ya isa da yawa, akwai abin da ya toshe hanya. Namu da yana da ciwo biyu, mun warkar da ɗaya.

Laraba, 5 ga Maris

Na ciro tamostat na kawo gida. Bayan an sha ruwa na ɗora tukunya, na rataye shi da zare don kada ya taɓa gindinta, ina auna ruwan yana ɗumi. An buga 50 a jikinsa, ma'ana wajen nan ya kamata ya fara buɗewa. Har ruwa ya kai 70 bai motsa ba. Daga baya ya buɗe ɗan tsagi wanda da ƙyar tsinken ashana zai shiga. Maiɗakina ta ce tukunyar ta zama tawa, kada in mayar mata.

Makaniken Apo ya canki wurin, maganinsa ne ban yarda da shi ba. Na yi odar sabo, naira 32,000. Wani farin abu mai tauri ya lulluɓe sifirin ɗin tsohon, har da cikin ramin da yake zama.

Lahadi, 9 ga Maris

Sabon tamostat ya shiga. An samu sauƙi, ƙararrawa ba ta yi kuka ba, amma silindar sama ta kai 78 tana neman wucewa, na sa aka rage wuta. Da mutum biyu ke nan a jirgi. Da iyali a ciki ba zai kai ko'ina ba.

Asabar, 15 ga Maris

Wani mai jirgi da muke gaisawa ya haɗa ni da wani dattijo ɗan Yawuri wanda ya yi shekaru yana gyaran injinan jiragen kasuwa a Kogin Neja, yanzu yana zaune a Suleja wajen ɗansa. Ya zo da 'yar jakar kayan aiki da ba ta kai ta ɗan makaranta ba.

Bai taɓa sufana ba sai da ya saurari labarin tun daga farko. Na nuna masa tsohon tamostat. Ya kankare farin abin da farce, ya murza a yatsa, ya ce, “Ɗana, wannan injin a wane ruwa ya yi aiki kafin ya zo hannunku?” Na ce Legas. Ya ce, “To ai gishiri ne. Ruwan Jabi ba ya yin wannan.” Ya ce yana ganin irinsa a injinan da ake kawowa daga Legas da Warri, waɗanda suka yi aiki a ruwan gishiri ba a wanke su da ruwan daɗi bayan an dawo. Gishirin ya bushe a ciki, ya ci alminiyom, ramukan ruwa su yi ta tsukewa. Sai aka kawo shi nan, lakar tafki ta samu wurin maƙalewa.

Kafin ya buɗe komai ya cire filogi uku ya jera a kan tsumma yadda suke a inji. Biyu na ƙasa ruwan ƙasa-ƙasa, na sama ya fi su fari. Ya ce wannan na iya zama zafi, yana iya zama kuma kafiretar sama ce ba ta ba da isasshen mai, tunda kowace silinda da tata kafireta, kuma a irin wannan injin ƙarancin fetur ƙarancin baƙin mai ne. Ya buɗe ta, tsaf take. Ya auna kwamfureshan, wato ƙarfin matsin iska a cikin kowace silinda: 118 a sama, 122 a tsakiya, 120 a ƙasa. Ya ce Allah ya rufa asiri, fistin bai kama ba. Nan ne na fara numfashi da kyau, domin da ta sama ta faɗi sosai, maganar rarake silinda a faɗaɗa raminta ake yi, kuma ban san yadda zan gaya wa Yaya ba.

Sai aka zo kwance murfin kan inji. Baba ya feshe kowane noti da mai, ya ɗan doddoka kansa, ya kwance rubu'i ya mayar, ya sake kwancewa. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Na ƙasa ta dama ya ƙi. Ya gasa gefensa da wuta kaɗan, ya jira, ya sake gwadawa. Sai muka ji ƙas, kan notin ya zo a cikin sufana, sauran ya rage a cikin inji. Baba ya yi salati, ya ɗaga guntun ya nuna min: tsakiyarsa kawai ke da ƙarfe mai haske, gefen duk gishiri ya cinye.

Da murfin ya fita, na ga abin da ya wahalar da mu. Ramukan ruwa sun cika da ɓawo fari fat kamar kanwa, a kansa laka ja ta daskare. A kewayen silindar sama, hanyar da ya kamata yatsa ya shiga da ƙyar waya ke wucewa. Kuma a wata kusurwa, a bakin ɗaya daga cikin ramukan, ga guntun fiffiken impela a zaune, baƙi, ya toshe kusan rabin hanyar.

Ya buɗe murfin gefen salansa shi ma, haka yake. Akwai wani ɗan bawul mai sifirin da ke sakin ruwa idan gudu ya yi yawa. Robar bakinsa ta kumbura, ya maƙale. Muka tashi ana kiran la'asar, ga ƙishirwa, ga inji a warwatse a kan tabarma.

Talata, 18 ga Maris

An kai kan injin Apo wajen wani mai injin huda ƙarfe. Ya huda tsakiyar karyayyen notin da siririn bakin huji, ya yi ta ƙara girma har ya ciro shi guntu-guntu, sannan ya gyara zaren. Haɗarin wannan aikin shi ne alminiyom ya fi notin laushi, bakin huji na zamewa kaɗan ya ci jikin inji. Hannunsa bai yi rawa ba. Naira 15,000.

Odar saitin gasket da robar bawul da sababbin notoci, naira 55,000, aikowa naira 4,000.

Alhamis, 20 ga Maris

Kaya ba su iso ba, an ce motar ta kwana a Lokoja.

Asabar, 22 ga Maris

Wuni guda na kankara. Wani a bakin tafkin ya ce a zuba ruwan batir, nan take zai wanke. Baba ya ce ruwan batir zai wanke gishirin ya haɗa da injin. Muka jiƙa murafan a ruwan khal, muka bi kowane rami da waya da katako mai tsini da buroshi, ban da ƙarfe mai kaifi a fuskar da gasket ke kwanciya. Daga nan muka sa mesa ta sama muka kora ruwa ya fita ta ƙasa, akasin hanyarsa, har ya daina fitowa ja. Khal da buroshi da sauran tarkace naira 6,000.

Baba ya ɗora ƙarfen awo a fuskar kan injin ya duba da haske, bai banƙare ba. Wajen ɗaurewa ya fara daga notocin tsakiya yana fita waje, zagaye biyu, da sufana mai awo da muka aro. Kowane noti sai da ya shafa masa giris a zare. Ya ce wanda zai kwance bayansa ya yi masa addu'a maimakon zagi. Sababbin filogi uku naira 15,000. Aikinsa da kuɗin motarsa naira 60,000. Ya ce ya yi yawa, na ce Baba ai mu muka san abin da muka gani.

Lahadi, 23 ga Maris

Sabon haɗi a tanki, rabin lita na baƙin mai a lita 25 na fetur. Mun yi ta zagaye tafkin a cikakken gudu fiye da rabin sa'a. Silindar sama 62, ta tsakiya 60, ta ƙasa 57, kuma sun tsaya a nan. Da muka dawo Baba ya jira injin ya huce ya sake bin notocin da sufana, biyu sun ɗan karɓa.

Talata, 1 ga Afrilu

Ran Lahadi aka yi Sallah, jiya muka fita da yara, jirgi cike, kowa da rigar ruwa. Tafkin ya cika da jama'a, ga leda ko'ina a kan ruwa. Sau ɗaya fitsarin ya yi rauni, na sa giya baya na ɗan ja, ledar ta saki, ya dawo daidai. Silindar sama ba ta wuce 65 ba.

Jimillar abin da aka kashe naira 296,000, ban da fetur ɗin gwaji. Yaya ya turo rabinsa ba tare da ya ce komai kan littafi ba.

Abin da ya rage: na sake duba man giya yau, farin ya ƙaru, don haka silin (robar da ke hana ruwa shiga giyabos) na shaf ɗin farfela ko na ƙarƙashin famfo yana barin ruwa ya shiga. Baba zai dawo bayan sati biyu ya gwada da iska ya gane wanne ne, kafin damina ta kankama. Zan sa a ɗaura agogon zafi a gaban direba, wanda zai auna daga saman inji, in daina durƙuso a baya da ma'auni. An ce min agogon da wayarsa za su kai naira 40,000, ban tabbatar da oda ba tukuna. Impela kuma zan sayi ta ajiya, a canza kowace shekara ko ta nuna gajiya ko ba ta nuna ba. Na kuma yi magana da masu wurin ajiya su matsar da mu gefen da ya fi zurfi, don mu daina tayarwa a cikin laka. Sun ce sai wani ya tashi a ƙarshen wata.